Na ƙara RAM kwamfuta ta ƙi tashi, shin ramin ne ya ƙone?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu da cike fom na intanet a Gusau. Kwamfutata ta tebur ce, ta hannu na saya, Core i5 ƙarni na uku, mai ramukan RAM huɗu. Da na saye ta akwai RAM biyu masu 4GB a ramuka biyun da ke kusa da fanka, kuma tana aiki lafiya lau. Makon jiya na sayo wasu biyu masu 4GB don ta kai 16GB. Ina sakawa ta ƙi tashi, fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, sai kuka take yi. Na cire sababbin ta tashi. Na ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin na sa a rami na uku shi kaɗai, nan ma kuka. Wani mai gyara ya ce ramin ya ƙone, sai dai in sayi wani madabod. Haka ne, ko akwai abin da zan gwada kafin in kashe kuɗi? Allah ya saka da alheri.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka sayi madabod tukuna, wato babban allon cikin kwamfuta da ramukan RAM ke jikinsa. Gwajin da ka yi, na ɗaukar RAM ɗin da ka san lafiyarsa ka sa a ramin da kake zargi, shi ne daidai, amma bai isa a yanke hukunci da shi ba. Ramin da ya ƙone da gaske yakan nuna alama: robar ta yi baƙi ko ta narke, ko ka ji ƙaurin waya in ka kai hanci. Yawanci hakan na faruwa ne idan an tura RAM a juye da ƙarfi, ko an saka shi alhali wuta na jikin injin. In ba ka ga ko ɗaya ba, akwai sauran bincike.

Kafin ka taɓa komai, zare filogi daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 don wutar da ta rage a ciki ta fice. Sannan ka dafa ƙarfen jikin kwamfutar. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum yakan ji tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota. Tartsatsin da bai kai ka ji shi ba ma yana iya lalata RAM. Ka riƙa kama shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya hau haƙoran nan masu ruwan zinare.

Fara da karanta takardar da ke manne a jikin sababbin RAM ɗin. Za ka ga rubutu irin PC3-12800U ko PC3-10600U. Harafin ƙarshen nan shi ne abin dubawa. U na kwamfutar tebur ne irin taka. Idan R ka gani, to na manyan injinan saba (server) ne, kuma cikin kayan hannu suna da yawa. Haƙoransu 240 ne kamar naka, suna shiga ramin daram, amma kwamfutarka ba za ta taɓa tashi da su ba. Mutane da yawa sun zargi rami a kan wannan. In kuwa U ne, sai ka gwada kowanne shi kaɗai a rami na farko, wanda ka tabbatar yana aiki. Wanda ya tashi ka sa masa alama da biro a jikin takardarsa. Da haka ka raba laifin RAM da laifin rami, kuma daga nan duk gwajin da za ka yi da RAM guda ɗaya mai lafiya za ka yi shi.

Sai tsafta. Ramukan nan biyu sun daɗe a buɗe, wataƙila shekaru, suna shan ƙurar rani da laimar damina. Haska su da fitilar waya ka leƙa. Za ka ga layi biyu na 'yan siraran ƙarafuna suna fuskantar juna, 120 a kowane gefe. Duba ko akwai wanda ya lanƙwashe ya fito tsakiya, ko wanda ya nutse, ko kore-kore na tsatsa, ko tarin ƙura da ya daskare. Ka busa da abin hura iska, ka bi da busasshen burushi mai laushi a tsawon ramin. Kada ka busa da baki, domin akwai danshi a numfashi. Kada ka sa allura ko reza. Fetur da tina kuma, da wasu ke wanke allo da su, ka nisance su, suna cin roba. Abin da ya dace shi ne sifirit ɗin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, irin wanda masu gyaran waya ke amfani da shi. Ka ɗan jiƙa haƙoran RAM ɗin da shi, ka saka ka cire sau uku ko huɗu, ka bar ramin ya bushe sarai. Haƙoran RAM ɗin kansu, in sun dusashe, farar kilinar fensir tana goge su, sai dai ka kakkaɓe burbushin tas.

Wajen sakawa ma ana samun kuskure fiye da yadda ake zato. Buɗe maƙalan gefe biyun, daidaita tsagar da ke ƙasan RAM ɗin da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka danna ƙarshen biyu da manyan yatsu har maƙalan su rufe da kansu ka ji ƙas. Idan kai ne ka ja maƙalin da hannu ya rufe, to bai zauna ba. Ramin da ba a taɓa amfani da shi ba yana da tauri, yana son ƙarfi fiye da wanda ya saba.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka. Ka ce ka tarar da RAM biyun a ramuka biyu na kusa da fanka, gefe da gefe. A ƙa'ida ba haka ake jera su ba. Ramuka huɗun nan layi biyu ne, kowane layi na da ramuka biyu. A yawancin alluna biyun kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke ƙarƙashin fanka, layi ɗaya ne, biyun nesa kuma ɗaya layin, kuma za ka ga an rubuta a jikin allon da ƙananan haruffa, kamar A1, A2, B1, B2, ko DIMM1 zuwa DIMM4. Mai RAM biyu yakan sa ɗaya a kowane layi, a ramuka masu launi iri ɗaya, don su yi aiki tare. Ba na zargin wanda ya sayar maka, wataƙila shi ma haka ya same ta. Amma mai yiwuwa ne wani can baya ya ga layi na biyu ba ya aiki, ya tattara su wuri guda.

Shi ya sa rami na huɗu, wanda ba ka gwada ba, shi ne zai ba mu amsa. Sa RAM mai lafiya a cikinsa shi kaɗai ka kunna. Bayan haka ka bar ɗaya a rami na farko, ka sa na biyu a na uku, ka kunna, sannan ka mayar da shi na huɗu ka sake. Wannan zagaye na biyu ya zama dole, domin akwai allunan da ba sa tashi sai ramin farko na da RAM, ko da sauran lafiyarsu ƙalau. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, kana rubuta sakamakon a takarda.

Idan na huɗu ya yi aiki, na uku kaɗai ya ƙi, to laifin na ramin ne. Idan kuwa dukansu biyu suka ƙi, da wuya a ce ramuka biyu sun mutu rana ɗaya. In ƙwan lantarki ɗaya ya ƙi kamawa sai a duba mariƙinsa, amma in ɗakuna biyu suka ɗauke tare, wayar da ta kawo musu wuta ake bi. A nan wayar tana komawa ga furosesa. Tun daga 2008 Intel ya mayar da sashen da ke sarrafa RAM cikin furosesa, AMD ma ya riga shi tun 2003. Furosesarka tana zaune ne a kan soket mai suna LGA1155, wato 'yan allurai 1155 sirara kamar gashi, kuma kaso mai yawa daga cikinsu hanyar RAM ce. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ko man sanyaya furosesa ya ɗiga a kanta, layi guda ya tafi, kwamfuta kuma ta ci gaba da aiki da ɗayan kamar ba komai.

Kafin ka buɗe nan, gwada abubuwa biyu masu sauƙi. Sassauta kusoshi huɗun da suka riƙe fankar furosesa, ka sake ɗaure su a hankali, kana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta, kada ka ƙure ɗaya kafin sauran. Ɗaurin da ya karkata yana sa wani gefen furosesa ya ɗan ɗaga daga kan alluran. Na biyu, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na kamar minti biyar don BIOS, wato shirin da ke tada kwamfuta kafin Windows, ya manta tsohon saitinsa. Ka fara ɗaukar hoton shafukan BIOS da waya, musamman wurin saitin had disk da aka zaɓi AHCI ko IDE, domin in wannan ya canza Windows kan ƙi buɗewa, sai ka ɗauka wata sabuwar matsala ce.

In duk ba su yi ba, cire fanka, ɗaga hannun soket, ɗauke furosesa sama tsaye ba tare da ta goga ba. Haska soket ɗin daga gefe, fitilar a kwance. Allurai masu lafiya duk suna kallon gefe ɗaya, suna ƙyalli iri ɗaya kamar saƙa. Wadda ta kauce za ta fito kamar ɗigo mai duhu ko mai haske daban. Ɗauki hoto ka ƙara girmansa. Ka duba ƙasan furosesar ma, ka goge da sifirit in akwai datti. Amma in ka ga lanƙwasasshiyar allura, ina roƙonka kada ka miƙe ta da kanka. Kai wa mai gyaran waya da ke da madubin ƙara girma da hannu mai natsuwa. Aikin 'yan mintuna ne a wurinsa, in kuwa ta karye shi ke nan. Wajen mayarwa ka tanadi sabon man furosesa, kada ka bar tsohon da ya bushe. Idan alluran duk lafiya, abin da ya rage shi ne ka aro wata furosesa ta soket ɗaya ka gwada. In ramukan suka farfaɗo, taka ce mai laifi, ko da yake wannan bai cika faruwa ba.

Game da kukan da take yi, ƙirga shi. Kowane kamfani da nasa tsarin. A tsofaffin HP na ofis, misali, kuka biyar tare da jar fitila na nufin matsalar RAM. Nemi littafin samfurin taka a intanet ka tabbatar cewa RAM take kuka a kai.

Ranar da ta tashi da duka huɗun, kada ka ɗora mata aikin mutane nan take. Ramin da ke taɓawa sama-sama ya fi matacce haɗari, domin kwamfuta za ta tashi, sai tsakiyar cike fom ta kawo shuɗin sikirin, ko ta lalata fayil ba ka sani ba. Sa Memtest86+, wato shirin gwajin RAM, a filas, kyauta ne kuma yana tashi a tsofaffin injina, ka bar shi ya yi zagaye huɗu, gara da dare in kana da wuta tsayayya. Jan layi ko ɗaya ya fito, akwai matsala. Ka kuma buɗe Task Manager ka ga ko 16GB ɗin duka ake amfani da su. In Windows ɗinka mai 32-bit ce, ba za ta wuce wajen 4GB ba ko nawa ka saka, sai ka koma 64-bit.

To idan ya tabbata ramin ko layin ya mutu fa? Ban ba ka shawarar a canza ramin ba. Ƙafafu 240 ne da aka yi wa dalma ta cikin allo mai hawa-hawa, kuma zafin cire su kan lalata abin da ke kusa. Kuɗin aikin zai iya kai na wani madabod ɗin na hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da huɗun nan masu 4GB, ka karɓi biyu masu 8GB, PC3-12800U, ka sa a ramukan da ke aiki. Injinan wannan ƙarni suna ɗaukar 8GB a kowane rami, ka ga ka sami 16GB ɗinka. In na uku kaɗai ya mutu, sa ɗaya a layin farko ɗaya a rami na huɗu, ba ka yi asarar komai ba. In layin ne gaba ɗaya, za su zauna a layi ɗaya, gudun ɗaukar bayanai ya tsaya a 12.8GB a daƙiƙa maimakon 25.6GB. Mai wasan gem ko mai haɗa bidiyo zai ji bambancin. Kai da aikinka Word ne da burauza da firinta, da ma a kan layi ɗaya kake tun ranar da ka saye ta, kuma ƙarin RAM ɗin shi ne zai hana ta nauyi in ka buɗe shafuka da yawa. Ka tafi da kwamfutar shagon mai RAM ɗin, a saka a gabanka ta tashi kafin ka biya.