Amsar murya: dalilin gwajin KRAS kafin a ba da cetuximab

Assalamu alaikum, 'yan uwa. To 'yar uwa, na ji tambayarki, wato me ya sa ba a ba mai ciwon dajin babban hanji maganin cetuximab sai an gwada furotin ɗin KRAS na ƙarin, alhali wani furotin dabam, EGFR, maganin yake tarewa. Amsar tana cikin hanyar da saƙon yake bi.

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai an ba ta umarni, kuma daga waje umarnin yake zuwa. Wani ɗan furotin, EGF, shi ne zai zo ya maƙale wa EGFR, mai karɓar saƙonsa a fatar ƙwayar. Sai EGFR biyu su haɗu, su liƙa wa juna fosfet, su ta da furotin ɗin RAS da ke cikin ƙwayar, wanda KRAS da NRAS nau'o'insa ne. RAS ya ta da RAF, RAF ya ta da MEK, MEK ya ta da ERK, shi kuma ERK ya shige cibiyar ƙwayar ya ce a rabu.

To RAS ɗin nan makunni ne. In yana riƙe da ɗan sinadarin GTP a kunne yake, in ya datse shi ya koma GDP ya mutu. Shi kaɗai nawa gare shi wajen datsewar, sai furotin da ake kira GAP sun kama masa, irin su NF1. A gurbi na 12 na jerin amino asid ɗin da suka gina KRAS akwai gilaisin, wanda ya fi kowane amino asid ƙanƙanta. Da zarar wani mai jiki ya zauna a wurin, GAP ba ya samun inda zai sa hannu, shi ke nan makunni ya maƙale a kunne. Wajen kashi 40 cikin 100 na dajin babban hanji haka suke, na fankiriyas ma ya kai wajen kashi 90.

Cetuximab kuwa a waje yake aiki, ba ya shiga ƙwayar. Kin toshe bakin mai ba da umarni, amma na ƙasa da shi ya daina jiran umarnin kowa. Majinyaci zai sha ƙurajen fata, maganiziyam na jininsa ya sauka, ƙarin kuma yana nan yana girma. Shi ya sa ake gwada KRAS da NRAS duka, ba gurbi na 12 da 13 kaɗai ba, har 59, 61, 117 da 146.

Wani abu kuma da littattafan aji ba su cika zanawa ba, saƙon yana komawa baya. ERK in ya yi ƙarfi yakan aika sama ya ce ya isa haka, EGFR ya lafa. Dubi BRAF V600E, canjin da ke maƙale BRAF, wani nau'in RAF, a kunne. Vemurafenib, maganin da ke tare shi, ya rage girman ƙari a jikin wajen rabin masu dajin fata na melanoma da ke da canjin, amma a babban hanji, ga canjin iri ɗaya, wajen kashi 5 ne kacal. Maganin ya kwantar da ERK, birkin ya saki, EGFR ya farka ya biyo ta RAS da CRAF, ɗan uwan BRAF. Ƙwayoyin melanoma ba su da EGFR da yawa, na hanji kuwa cike suke. A 2012 aka bayyana wannan, a 2020 Amurka ta amince da haɗa encorafenib, wani mai tare BRAF, da cetuximab. Sotorasib ma, maganin canjin KRAS G12C a gurbi na 12, da aka amince da shi a 2021 don dajin huhu, a hanji sai an haɗa shi da panitumumab, wani mai tare EGFR.

Masu son ganin wannan a ɗakin gwaji, ku hana ƙwayoyin siram, ruwan jinin da ake ciyar da su da shi, na awa 16 zuwa 24, ku zuba EGF, ku ɗiba a minti 0, 5, 15, 30 da 60. A kan ƙanƙara za ku fasa su, da sodiyam otobanadet a ruwan, in ba haka ba fosfet ɗin ya zube kafin ku gani. A gwajin western blot, ku toshe takardar da aka ɗora furotin ɗin a kanta da furotin ɗin BSA, kada ku sa madara, don kasin ɗinta na ɗauke da fosfet. Ku auna ERK gaba ɗaya, layi biyu ne a nauyin kDa 42 da 44, sannan ku kwatanta da ERK mai fosfet. In da magani kuka sa, kada ku tsaya a awa ɗaya ku ce ya yi aiki. Ku sake ɗiba a awa 24 da 48, a nan ne za ku ga ko ERK ya dawo. Wassalam.