Harajin tura kuɗi gida daga Amurka: ya halatta in kauce masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a Bronx, duk wata ina tura wa mahaifiyata a Maraɗi kamar dala 500, a Ramadan kuma ina haɗawa da zakkata in tura mata gaba ɗaya. Yanzu sun sa mana haraji kan kuɗin da muke turawa, ana cewa da shi za a tsare boda a kori baƙi irinmu. Wani ɗan uwa ya ce wannan maksu ne, wato harajin zalunci, kuma dukiyar kafirai ba ta da alfarma, in bi ta hannun wani mai shago da ke turawa a ɓoye. Ya halatta? Kuma zan iya lissafa harajin cikin zakka?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka da kake tuna mahaifiya, amma kafin mu je kan harajin akwai wata kalma a tambayarka da ta fi tayar min da hankali, wato ka ce kana tura mata zakkarka. Ɗan uwa, idan mahaifiyarka mabukaciya ce to ciyar da ita wajibi ne a kanka, ba a ba uwa zakka don a sauke wannan nauyin, malamai ba su yi saɓani a kai ba. In ita ce ke rabawa talakawan unguwa a madadinka babu laifi, wakiliyarka ce. In kuwa ita ke ci, ka zauna ka lissafa na shekarun baya ka sake fitarwa, a hankali gwargwadon iko.

Shi harajin, dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ce ta kawo shi, ya fara aiki 1 ga Janairu 2026. Da farko kashi 5 cikin ɗari aka nema, ya sauko 3.5, ya tsaya a kashi 1. A dala 500 ɗinka dala 5 ke nan. Kuma abin da ɗan uwan naka bai faɗa maka ba, harajin yana hawa ne kan wanda ya kai tsabar kuɗi ko makamancinsa wurin kamfanin turawa, wanda ya tura daga asusun banki ko da katin banki na Amurka ba ya biya. To ga ƙofa a buɗe ta halal, me zai kai ka haura katanga? Ka tura ta asusunka, wannan ba zamba ba ce, dokar ce da kanta ta ware. In ba ka da asusu kuma dole sai tsabar kuɗi, ka biya, ko da harajin zalunci ne zunubin yana kan mai karɓa, kai an tilasta ka ne, kuma ba a tambayarka inda suka kashe shi.

Maganar cewa dukiyarsu ba ta da alfarma ita ce nake so ka cire daga zuciyarka kwata-kwata, don na ga ta lalata samari da yawa, ana fara ta da dala biyar a ƙare da ƙaryar inshora da cin bashin kati. Kai ka shiga ƙasar nan da amana, suka bar ka kana nema kana sallah a masallacinku, wannan shi ne aman da fiƙihu ke magana, kuma wanda ya shiga da aman haramun ne ya ha'ince su. Masu wannan ra'ayi suna fakewa da Imam Abu Hanifa, alhali shi kansa ya shardanta a karɓa da yardarsu ba tare da yaudara ba, ga kuma ɗalibinsa Abu Yusuf da jumhur, wato mafi yawan malamai, sun saɓa masa tun a asalin mas'alar. Ka duba Mugira bin Shu'uba, ya yi tafiya da mushrikai kafin ya musulunta, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, da ya zo wajen Annabi (SAW) sai ya ce masa musuluncin na karɓa, dukiyar kuwa babu ruwana da ita. Bukhari ne ya ruwaito. Mushrikai ne fa, amma don ta ha'inci aka samo ta aka ƙi ta.

Shi kuma mai shagon, tura kuɗi ba lasisi babban laifi ne a dokar Amurka, ranar da aka kama shi littafinsa da wayarsa za a fara buɗewa, sunanka na ciki, kai da kake tsoron kora ka miƙa musu dalili da hannunka saboda dala biyar. In kuɗin suka ɓace ma babu inda za ka kai ƙara.

Haraji ba ya shiga lissafin zakka, haka ladan kamfanin turawa. In zakkarka dala 300 ce, 300 ɗin su isa hannun talaka cif, sauran ka cika daga aljihunka. Sannan ka duba kusa da kai kafin ka tura duka gida, nan Bronx akwai sabbin zuwa da ke kwana a matsuguni ba aikin yi, su ma suna da haƙƙi a ciki. Ka kira mahaifiya ka yi mata bayanin zakkar nan da lallashi, kar ta ɗauka rage mata za ka yi. Wallahu a'alam.