Bawul ɗin hita ya lalace a tsohuwar mota: a sauya shi ko a toshe?

Wani mai karatu daga Mabera ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma burina in riƙe ta yadda ya bar ta. Kwanan nan ruwa yana ɗiga ƙarƙashin dashbod ta wajen kujerar mai zaman banza, iska mai zafi kuma tana busowa ko da na mayar da maɓallin wajen sanyi. Bakanikena ya ce bawul ɗin hita ne, kuma a ganinsa asarar kuɗi ce gyaran hita a Sakkwato, gara a toshe tiyon a huta. Wani kuma ya ce zai samo mini ɗan Beljiyam. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan Baba. Maganar bakanikenka tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya san ranar watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai yi dariya idan aka ce masa mota tana buƙatar hita. Sai dai hita ba wani abu ne da aka liƙa wa mota daga gefe ba. Ƙaramin lagireto ne a ɓoye bayan dashbod, ruwan da ke zagaya injin ne yake bi ta cikinsa, bawul ɗin kuma famfo ne da ke buɗe wa ruwan hanya ko ya rufe. Saboda haka duk ɗigon da kake gani a kan kafet, daga ruwan injinka yake fita. Injin Fijo 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyom, kuma idan ruwa ya ƙare a hanyar Illela ko Tambuwal ba ka lura ba, gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa zai ƙone, kan injin ma yana iya lanƙwashewa. Wannan shi ne abin tsoron, ba rashin ɗumi da safiyar hunturu ba.

Kafin ka sayi komai, a tabbatar da cewa bawul ɗin ne mai laifi. A tayar da motar ta ɗauki zafi, a mayar da maɓalli wajen sanyi, sannan a taɓa tiyo biyun da suka shiga bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. Idan duka biyun suna da zafi sosai, ruwa yana wucewa alhali ya kamata a ce hanya a rufe take. Ko da an ga haka, a fara duba wayar ƙarfen da ke jan hannun bawul ɗin, domin sau da yawa ita ce ke kwancewa ko ta cije da tsatsa, gyaranta kuma bai wuce ɗaurewa da ɗan mai ba. Batun yoyo kuma, a goge wurin ya bushe, a haska da tocila a ga inda ruwan ke fitowa: jikin bawul ne, bakin tiyo ne, ko ƙaramin lagireton ne da kansa ya huje. Wanda ya sauya bawul alhali lagireton hita ne ya huje ya yi aikin baban giwa.

Idan ya tabbata bawul ne, shawarata ka nemi sabo. Ɗan Beljiyam yana da kyau a abubuwan da ƙarfe ne zalla, amma abin da ke mutuwa a cikin bawul roba ce, kuma robar da ta shekara 30 ko 40 a jikin wata motar ta tsufa kamar taka, ko da ƙarfenta yana sheƙi. Fijo 504 ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru da dama bayan Turawa sun daina, shi ya sa ya dace a tambaya a Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas kafin a fid da rai. Ka cire tsohon ka aika da shi ko da hotonsa ta kowace fuska, kada ka dogara da sunan mota kaɗai. Idan na asali ya gagara, akwai bawul na gama-gari da ake sakawa a tsakiyar tiyo, amma a auna kaurin tiyon, wanda galibi milimita 16 ne ko 19, a bi kibiyar da ke nuna inda ruwa ke nufa, a kuma lura ko jan waya ne ke buɗe shi ko turawa, in ba haka ba maɓallinka zai riƙa yin akasin abin da ka umarce shi.

Cire hita daga hanyar ruwa ba laifi ba ne a matsayin maganin wucin gadi, muddin an yi shi da tsabta. Hanyar da ta fi aminci ita ce a haɗa bakin tiyo biyun da juna da guntun bututu da kilif masu kyau, ruwa ya zagaya ya koma inji, domin akwai injunan da ke dogara da wannan zagayen kafin tamostat, wato abin da ke sakin ruwa zuwa babban lagireto idan inji ya yi zafi, ya buɗe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa tsohon fulogi ko guntun itace a bakin tiyo a ɗaure da waya, kamar yadda nake gani a garejoji da yawa. Amma tunda ka ce kana son motar ta zauna yadda Baba ya bar ta, ka sani cewa hita yana share raɓar gilashi a ruwan watan Agusta, kuma ranar da allurar zafi ta fara hawa a cikin cunkoso, buɗe hita har ƙarshe yana janye wani ɓangare na zafin inji ya kai ka inuwa.

Wata Hajiya daga Arkilla ta ce tata Marsandi ce ƙirar W124, wadda aka fi sani da V-boot, kuma ita ma zafi take hurowa duk da cewa na'urar sanyaya motar tana aiki. An ce ta sayi sabon bawul, tana tambaya ko ta biya.

Hajiya, ki dakata tukuna. Bawul ɗin wannan motar ba waya ke jan sa ba, lantarki ne ke rufe shi, kuma an ƙera shi ne ta yadda idan wuta ba ta isa gare shi ba zai zauna a buɗe, ruwan zafi ya yi ta wucewa. Don haka fiyus da ya ƙone ko soket da ya yi tsatsa yana kawo irin wannan alamar sak. A kai ta wurin mai aikin wayarin ya gwada ko wuta tana zuwa. Idan tana zuwa amma bawul bai rufe ba, yawanci robar cikinsa ce ta yage, kuma ana sayar da kayan cikin daban, waɗanda ba su kai kuɗin bawul ɗin gaba ɗaya ba.

Tambaya ta ƙarshe daga Wamakko take: bayan an gama aikin, ruwan rijiya ya wadatar ko sai an sayi ruwan lagireto na galan?

Malam, ruwan rijiya da na burtsatse suna cikin abubuwan da ke kashe bawul tun farko, domin suna barin tsatsa da farin gishiri da ke cinye ƙarfe su toshe ƙananan hanyoyi. A wanke hanyar ruwan gaba ɗaya, a zuba ruwan lagireto, idan mai kauri ne a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. A bar hita a buɗe lokacin cikawa domin iskar da ta maƙale ta fita, a sake duba yawan ruwan washegari da safe, kuma kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Tsohon ruwan da aka juye kada a bar shi a tsakar gida, domin yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da awaki.