Allon kamfani ba ya ɗaure noti

Ka ce yayanka ya sayi mota, yana so ya san ko ya riƙa kai ta sabis wurin kamfanin da ya sayar masa, ko kuwa ya riƙa yi da hannunsa tunda yanzu komai ana gani a waya. Kai ma ka ƙara da naka, wai ka ji 'yan kamfani ba sa taɓa rabin abin da suke rubutawa a rasit. To ajiye wayar nan tukuna, yaro. Ba na magana da mutum yana latse-latse.

In motar sabuwa ce, garantinta bai ƙare ba, ya kai musu. Akwai abin da suke da shi wanda ni da na yi furfura a wannan sana'a ta kanikanci ba ni da shi. Masu ƙera motar suna aiko musu da bayanin duk wata cuta da aka gano a samfurin, suna da manhajar sabunta kwamfutar inji da ta giya, suna da kayan aikin da aka ƙera don wannan injin kaɗai. Kuma in aka yi kiranye, wato masu ƙera mota suka ce a dawo da ita saboda wani lahani, su ne ke gyarawa kyauta. Ka ji labarin jakar iskar kamfanin Takata, wadda ke buɗewa ta kare mutum in an yi haɗari? Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa da zafi da danshi, sai ta fashe ta watsa wa direba ƙarfe a fuska. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna wajen miliyan 67, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Wanda bai taɓa leƙa kamfani ba, bai kuma taɓa duba lambar jikin motarsa ba, yana iya yawo da wannan abu a sitiyarinsa bai sani ba. Batun garanti kuwa, a Amurka tun 1975 dokar Magnuson-Moss ta hana a soke shi don kawai an yi sabis a wani gareji, Tarayyar Turai ma ta kafa irin wannan ƙa'ida a 2002. Amma ko a can sai ka nuna shaidar an yi aikin a kan kari da man da ya dace. Inda babu irin wannan doka, abin da littafin garanti ya ce shi ke nan.

Sai dai kada ƙyalƙyalin wurin ya ruɗe shi. Babban makanikensu, wanda aka tura kwas, ba shi ke yin juye ba. Yana can kan giyar da ta gagara. Juyen baƙin mai yaron da ya zo jiya ake ba, irinka. A wurare da yawa kuma ana biyan makanike ne da awannin da littafi ya yanka wa aiki, ko ya gama da wuri ko ya daɗe, saboda haka duk wanda ya yi sauri shi ke cin riba, kuma sauri ne ke sa a tsallake abu. Shi kuma mai karɓar mota a teburi, sau da yawa yana da kaso a duk abin da ya sa ka saya. Ban ce duka macuta ba ne. Na san masu tsoron Allah a cikinsu da aikinsu ya fi nawa tsabta. Abin da nake so ka riƙe shi ne hannun mutum ne ke ɗaure noti ko'ina, kuma hannu yana mantuwa. Ka gaya wa yayanka ya ɗiga fenti a jikin tsohuwar filta kafin ya kai, in ya karɓo ya leƙa ya ga ko an canza ta. Ya ja gejin mai a gabansu. Ya ce a zuba masa kayan da aka cire a but. Ya tabbata an rubuta lambar man da kilomita a rasit, ya kuma adana rasit ɗin.

Wannan maganar rasit ɗin ita ta sa ma na tsaya amsa maka, don ta tono mini wani abu da har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

Wani mutum ne ya kawo mini mota, birkin gaba yana ƙara. Mutum mai shiga ta kamala, mai iya magana, kuma shi ne ke kula da motocin wani kamfani da nake yi wa aiki a lokacin. Rabin abin da nake samu daga wajensu yake fitowa. Yana tsaye ina aiki yana ta ba ni labarin yadda 'yan kamfanin mota suke cutar mutane, amma duk da haka wai shi can yake kai tasa sabis, bai yarda da kowa a kan injinsa ba. Na canza masa lainin birki, na duba man birki, na mayar da taya, na ɗana motar, ya biya ya tafi. Ƙasan injin ko kallonsa ban yi ba, don ba shi aka kawo mini ba.

Ba a rufa mako ba sai ga motar an jawo ta. A babbar hanya jar fitilar mai ta kama, maimakon ya tsaya nan take ya kashe, sai ya ce bari ya ƙarasa gari. Injin ya buga. Tun daga bakin ƙofa ya fara ɗaga murya, gareji cike da masu mota, wai yarana sun kwance masa wani abu a ƙasa, wai da gangan aka yi don ya dawo da babban aiki. Ban tanka ba. Na ɗaga motar na shiga. Duk cikinta ya jiƙe da mai tun daga inji har salansa, amma notin juye yana nan daram. Da na haska filta sai na ga sabuwa ce fil, ga wata baƙar roba ta leƙo ta gefe. Na kwance ta a gaban idonsa. Roba biyu ce. Wanda ya cire tsohuwar filta bai lura robarta ta manne a fuskar injin ba, ya ɗora sabuwa a kai ya murɗa. Irin wannan yakan riƙe na ɗan lokaci, ba ko ɗigo, sai ranar da aka taka mota sosai ƙarfin mai ya tura robar waje, cikin ƙiftawar ido injin ya zubar da duk abin da ke cikinsa. Da muka sauke kaskon mai, garin metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, ne kwance a ƙasa yana walƙiya, kiranshaf ɗin ya yi shuɗi saboda zafi, hannun fistin ɗaya ya lanƙwashe.

Na ce masa, ranka ya daɗe, ga abin da ya kashe maka inji, kuma ba daga nan ba ne. Tunda ka ce kamfani ne suka yi maka juye, ɗauko rasit mu je tare, ni zan tsaya maka, wannan kuskurensu ne dole su biya. Sai ya fara kame-kame, rasit ya ɓata. Muka je. Suka buɗe kwamfuta, motar ta fi shekara rabonta da wurinsu. Na ɗauka a nan maganar za ta mutu. Mutumin nan ya murje ido ya juyo kaina, ya ce to ai shi ke nan, tunda ba su ba ne, hannuna ne na ƙarshe a kan motar. Da me zan kare kaina? Takardar da na ba shi cewa ta yi an gyara birki, ba ta ce ga halin da injin yake ciki ba, ba ta ce ba a taɓa shi ba.

Mutane suka shiga tsakani, aka ce a yi sulhu don kada aikin kamfaninsu ya kuɓuce mini. Aka yanke in yi aikin kyauta, in sayi kaya da kuɗina, ya biya rabi in an gama. Na sayi kiranshaf, metal, hannun fistin, zobba, famfon mai, gaskit cikakke. Kuɗin da na tara don sayen injin ɗaga mota ne na zuba. Na haɗa injin nan da hannuna, ko yaro ban bari ya ɗaure noti ɗaya ba, ya tashi lafiya lau ba ko gyatsa. Ya zo ya ce bari ya zaga ya ji ta. Rabona da motar ke nan. Kuɗi bai biya ba, motocin kamfaninsu kuma ya janye su ya kai wani wuri, ya bi gari yana shafa mini kashin kaji cewa garejina ake kashe inji. Sai bayan shekaru ƙaninsa ya kawo mini tasa motar, muna hira ya faɗa mini da bakinsa cewa yayan nasa ne ya yi juyen a gida ranar hutu, shi ne ma ya riƙe masa fitila. Ya san abin da ya yi tun ranar da na nuna masa robar nan. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Yanzu ka gane dalilin littafin nan na bakin ƙofa da kullum nake yi muku faɗa a kansa. Mota ba ta shiga sai an rubuta kilomita, an ja geji, an duba fitilun da ke kunne, an leƙa ƙasa, mai ita ya sa hannu. Ku kuna ganin ɓata lokaci ne.

Shi kuma yayanka, in garanti ya ƙare yana so ya riƙa yi da kansa, ban hana ba. Mai motar da ke buɗe bonet duk mako ya fi mini wanda sai ta tsaya yake tunawa da ita. Yadda ake juye da canza filtar iska da fulogi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sifana ba. Abin da ke kashe motocin masu yi da kansu shi ne man da suke zubawa. Injin da aka rubuta masa mai mara kauri 0W-20, sai mutum ya ɗura masa 20W-50 wai mai kauri ya fi ƙarfi. Hanyoyin mai na injinan yanzu sirara ne, na'urar da ke juya lokacin bawul da ƙarfin mai take aiki, in mai ya yi kauri kafin ya isa sama da safe ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Akwai ma injinan da bel ɗin taimin ke gudu a cikin mai, kamar EcoBoost 1.0 na Ford da PureTech 1.2 na Peugeot da Citroën. Ka zuba man da ba nasu ba ko ka wuce lokaci, bel ɗin ya fara zubar da gari, garin ya toshe rariyar famfon mai. Man giya ya fi wannan tsanani. WS na Toyota dabam, NS-3 na giyar CVT ta Nissan dabam, HCF-2 na Honda dabam. Ba a haɗa su, ba a kuma zaɓa da launi. Man birki kuwa yana shan danshi daga iska ko mota tana ajiye. Man birki irin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, in ya sha ruwa yana iya saukowa 155, sai a doguwar gangara mutum ya taka ƙafarsa ta tafi ƙasa. Shi ya sa yawancin masu ƙera mota suka ce duk shekara biyu a canza.

Ya sayi sifanar auna ƙarfi. Notin juye na yawancin ƙananan motoci ƙarfin murɗinsa tsakanin Nm 25 da 45 yake a ma'aunin sifanar, littafi zai faɗa masa daidai, kuma a sa sabuwar wosha. Kaskon alminiyom ba ya son ƙarfin tuwo, ka ƙara murɗi ɗaya zaren ya tafi. Kada kuma ya kuskura ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba tare da ƙafafun tokare ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne sikanar nan da ke karanta matsalar mota daga kwamfutarta. Tun 1996 da aka wajabta tsarin binciken mota na OBD-II a Amurka kusan kowace mota take da ramin nan mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, yanzu kowa ya sayi 'yar na'ura ya soka ya ce shi injiniya ne. Ta nuna P0171 sai ku ruga sayen sensa. Lambar cewa ta yi iska ta fi fetur yawa, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Yana iya zama tiyon iska ne ya tsage, yana iya zama famfon fetur ne ya gaji. Mu da kunne da hanci da tafin hannu muka koya, muka daɗe muna wanke noti kafin a bar mu mu taɓa inji. Ku kuna so cikin wata shida a kira ku oga. Wanda ya ɗauki hoton gyaran da kuke kallo ya yanke wurin da noti ya karye masa, ya yanke wurin da robar filta ta manne.

Abu uku ka gaya masa kada ya taɓa ko da ya ga an yi a waya. Bel ɗin taimin, domin a yawancin injinan yanzu in ya tsallake haƙora fistin zai daki bawul. Duk abin da ya shafi jakar iska. Sai wayoyin nan masu ruwan lemo na motocin hayibirid da na lantarki. Batirin Prius na 2004 ma ya haura volt 200, na motocin lantarki na yanzu 400 ne, wasu har 800. Ni kaina ba na kusantarsu sai da safar hannu ta musamman, bayan na cire filogin sabis na jira lokacin da littafi ya ce. Irin wannan aiki ya kai wa kamfani ko garejin da aka horar a kai, ya biya ko nawa ne, ya karɓi rasit mai ɗauke da kilomita da sa hannun wanda ya yi.