Na'urar da ba ta jin IP: ta yaya za ta yi magana da menfirem a Legas?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na koyi haɗa rautoci, wato na'urorin da ke zaɓa wa saƙo hanya tsakanin cibiyoyin sadarwa, yanzu ina aiki a reshen wani kamfani a nan Gombe. Hedkwatarmu a Legas har yau tana kan babbar kwamfutar IBM, wato menfirem. An ce a yanke tsohon layin haya, komai ya koma kan IP, ƙa'idar sadarwar intanet, amma akwai wata na'ura a ofis da ba ta da adireshin IP sam. Yaya za a yi da ita? Daga wani makaranci a Gombe.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Daga bayaninka, na'urar nan da SNA take magana, tsarin sadarwar da IBM ta fito da shi a 1974, kafin TCP/IP ya mamaye duniya. A tsarin nan menfirem ce shugaba. Manhajar VTAM da ke cikinta ke buɗe kowane haɗi, na'urorin rassa irin su 3174, akwatin da ke haɗa allunan ma'aikata da menfirem, kuwa bi kawai suke yi. Saƙonsu ba ya ɗauke da adireshin da rauta zai duba ya zaɓa masa hanya, shi ya sa rautanka ba ya sanin inda zai kai shi.

Amma babbar matsalar ta lokaci ce. An gina SDLC da LLC2, ƙa'idojin isar da saƙo a kan waya waɗanda SNA ke hawa, bisa zaton amsa za ta dawo cikin lokacin da aka sani, ba tare da jinkirin ba-zata ba. A LLC2 na'ura kan jira amsa kimanin daƙiƙa ɗaya, ta sake aikawa 'yan lokuta, in shiru ta yanke haɗin. To ka tuna hanyar Gombe zuwa Legas. Ranar da masu aikin titi suka tsinke wayar faiba aka koma kan tauraron ɗan'adam, zuwa da dawowa kaɗai ya haura rabin daƙiƙa, ban da cunkoso. Ma'aikaci na tsakiyar aiki sai allo ya ɗauke.

Maganin da aka daɗe da shi shi ne DLSw, dabarar ɗaukar saƙon SNA ta kan IP, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1995, Cisco kuma ta yi nata mai suna DLSw+. Rautan Gombe zai karɓi saƙon SNA, ya naɗe shi cikin TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da saƙo ya isa a kan IP, ta ƙofa (port) mai lamba 2065, rautan Legas ya warware. Dabarar ita ce rautan Gombe ne ke amsa wa na'urar nan take, kamar ɗan kamasho da ke ba ka rasit a tasha tun motar ba ta tashi ba. Na'urar ta samu amsarta a kan lokaci, wahalar hanya kuma ta koma wuyan TCP. Yana aiki, amma a ganina gada ce ta wucin gadi. Sabbin rautoci da yawa ba sa zuwa da shi, ka duba naka kafin ka yi wa oga alkawari.

Abin da zan so ka fara bincika shi ne, wa ke amfani da na'urar? In mutane ne ke zama gaban allon 3270, wato allon IBM na aiki da menfirem, suna shigar da bayanai, ba ka buƙatar SNA a Gombe ko kaɗan. Sa musu manhajar TN3270E a kwamfutocinsu na yau da kullum. Za ta nuna musu allon da suka saba, ta bi IP har cikin menfirem, SNA ya tsaya can cikin ɗakin kwamfuta a Legas. Har firinta tana ɗauka. Sai dai asalinta Telnet ce, tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, in ba a kunna TLS mai ɓoye saƙo ba kalmar sirri tsirara take tafiya.

In kuwa wata manhaja ce ke magana da manhajar menfirem kai tsaye, sai Enterprise Extender. Shi yana ɗora SNA kan UDP, takwarar TCP a kan IP, ƙofofi 12000 zuwa 12004, kuma yana iya sauya hanya ba tare da haɗi ya yanke ba, abin da ya dace da mai layi biyu. Ƙofofin biyar ba ado ba ne: ta farko ta gaisuwa ce tsakanin ɓangarorin biyu, sauran huɗun na matakan fifiko, daga 12001 mafi gaggawa zuwa 12004. Nan mutane ke tuntuɓe. Mai kula da katangar tsaro (firewall) ya buɗe 12000 kaɗai, haɗi ya nuna ya tashi, amma bayanai ba sa wucewa. Tsohuwar na'ura kamar taka da wuya ta iya shi da kanta, sai an sa sabar ko rauta mai jin APPN, sabon salon SNA, a gabanta.

Kafin ka taɓa komai, duba bayan na'urar ka ga ko wayar siriyal ce ta SDLC, ko Token Ring, tsohon tsarin haɗa kwamfutocin ofis na IBM, ko Ethernet. Sannan ka kira mai kula da VTAM a Legas, ya ba ka sunan PU da na LU da aka rubuta wa reshenku, wato sunayen da menfirem ta san na'urar da allunanta da su, da adireshin MAC, wato lambar katin sadarwa, da na'urar ke nema. Kuma a bar tsohon layin a kunne har sabon ya wuce rufe lissafin ƙarshen wata lafiya.