Ga mai shirin zuwa karatu Baton Rouge

Ƙanena, ka ce ka samu gurbi a jami'ar LSU, wato jami'ar jihar Luwiziyana da ke Baton Rouge a Amurka, kana tambaya ko siyasar jihar Luwiziyana za ta shafi ɗalibi baƙo. Za ta shafe ka, tun daga takardar hayar ɗaki.

Jihar tana kudu, inda kogin Misisipi ke faɗawa teku. Faransawa ne suka fara riƙe ta, ta shiga hannun Sifaniyawa, ta sake komawa Faransa, sannan Napoleon ya sayar wa Amurka da yankin a 1803 kan dala miliyan 15. Ta zama jiha a 1812. Shi ya sa dokokinta na haya, ciniki da gado suka samo tushe daga na Faransa da Sifen, alhali sauran jihohi tsarin Ingila suke bi. To, shawarar da abokinka na Texas zai ba ka kan haya, kada ka hau ta ido rufe. A nan idan ka saɓa yarjejeniya, wa'adin kwana 5 mai gida zai ba ka ka tashi, kuma takardun haya da yawa suna ɗauke da layin da ke cewa ka yafe ko wannan wa'adin. Nemo layin kafin ka sa hannu. Kuɗin ajiya kuwa, doka ta ba shi wata ɗaya ya mayar ko ya rubuto dalilin abin da ya cire. Ka ɗauki hoton bango da ƙasan ɗakin ranar da ka shiga.

Ƙananan hukumomi 64 ne, ana kiransu parish, suna ne da aka gada daga rabon yankunan cocin Katolika. Kowace tana zaɓen sherif nata, wato shugaban jami'an tsaron yankin. Harajin saye ma ya bambanta daga wannan zuwa waccan: na jiha kashi 5 ne, a ɗora na parish, ya kai wajen kashi 10 a manyan birane. Farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba.

Sunan da za ka sha ji shi ne Huey Long, wanda aka zaɓa gwamna a 1928. Ya shimfiɗa tituna, ya raba littattafai kyauta a makarantu, ya zuba wa LSU kuɗi, ya kuma murƙushe 'yan adawa ba sani ba sabo. An harbe shi a 1935 cikin doguwar majalisar da ya gina. Yau jihar ta 'yan Republican ce, Jeff Landry ke gwamna tun Janairun 2024, amma New Orleans ta 'yan Democrat ce. Baƙar fata kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'ar jihar, kuma rigimar shata mazaɓunsu ta kai har Kotun Ƙoli.

Inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne ofishin lasin tuƙi da teburan da ake kafawa a harabar jami'a lokacin zaɓe. Za a iya miƙo maka fom ɗin rajistar zaɓe. Ka ce a'a. Akwai akwatin da ke tambaya ko kai ɗan ƙasa ne. Ka cika shi da "e", ko da ba da niyya ba, zai iya jawo a kore ka daga ƙasar kuma a rufe maka ƙofar biza har abada. Ba da gudummawar kuɗi ga ɗan takara ma haramun ne ga mai bizar F-1, wato bizar ɗalibai, ko da dala 5 ce. Zanga-zanga kuma ka yi mata taka-tsantsan, don a garuruwan Jena da Basile na jihar nan aka tsare wasu ɗalibai baƙi a 2025.