Kada laburaren ya yi hasashe da kansa

Kana tambaya ko laburaren, wato ɓangaren manhaja da ke karanto bayanai, idan ya karanto "042", ya mayar da shi lamba da kansa ko ya jira a umarce shi. Ya jira. Bar komai a matsayin rubutu, ka ba kowane nau'i tasa hanyar: toInt don lamba, toBool don gaskiya ko ƙarya, toDate don kwanan wata. Idan juyawar ta ci tura, ya fito da kuskure ƙarara, kada ya dawo da sifili a ɓoye.

Hasashe yana lalata bayanai ba tare da kowa ya ji ba. A YAML 1.1, wani tsarin rubuta bayanai, NO marar alamar zance ana ɗaukarsa false, wato ƙarya, alhali NO ne gajeren sunan ƙasar Norway. Na sha ganin sifilin farko ya ɓace daga lambobin shaida, ba a gane ba sai an zo haɗa rajista biyu.